Abubuwa Uku da Ke Zaune a Daji

Shekara goma sha tara Malam Gide yana riƙe da aji biyu a firamaren ƙauyenmu, can bayan Sheme. Ni nake da aji uku. Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma a tsage, don haka darasinsa na haddace shi tsaf ba da son raina ba. Shi kaɗai yake koya wa yaran komai: ƙirge zuwa ɗari, sassan jiki, kwanakin mako, wanke hannu kafin a sa shi a tuwo, gaisuwar safe da Turanci. Da can bakinsa ba ya hutawa. In aka zo kan dabbobi har kukan jaki yake yi musu, mu ma mu ajiye alli mu sha dariya.

Bara da damina mutanen daji suka shigo a kan babura suka kore shanun gari. Ƙaninsa Barau ya bi sawun shanun huɗarsa guda biyu, har yau shiru, ba gawa ba waya. Tun daga nan Malam Gide ya bar kukan jaki. Yana zuwa a kan lokaci, ya rubuta, yara su maimaita, ya goge. Na taɓa tambayarsa ya jiki da jiki, ya ce, "To, mi za a ce, Malama Esther? Muna nan."

Abu ɗaya ya rage da ke sa shi ɗaga murya, wato Rukayya ɗiyar Barau, 'yar shekara bakwai. Hedimasta ya ce duk wanda bai iya rubutu ba ba zai haura zuwa aji uku ba. Uwarta Mero kuma ta zo har bakin aji ta faɗi nata: "Yaya Malam, in ta faɗi bana ta zauna gida ke nan, ni kaɗai ce ga aiki."

Yarinyar ba ta da laifi a lissafi, amma b da d sun ƙi zama a kanta. A ce ta rubuta dawa, sai ta rubuta bawa. Kullum ta tsagar bango nake jin sa: "Cikin b gaba yake kallo, Rukayya! Gaba!" Haka aka yi ta fama zango guda, har ni na fara jin haushin haruffan nan biyu.

A mako na shida na zangon ƙarshe aka yi darasin dabbobin gida da na daji. Ya karanto musu daga littafi, zaki, kura, giwa, suka maimaita da ƙarfi. Cikinsu ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya.

Bayan jarabawa ni da Malam Gide muka zauna gindin dogon yaro da hantsi, kowa da tarin takardunsa. Na gama nawa da wuri, na ja wasu daga nasa ina taya shi. Tambaya ta huɗu cewa ta yi, rubuta abubuwa uku da ke zaune a daji. Rabin ajin saniya suka fara rubutawa, wasu suka ƙara da tunkiya. Har na fara dariya, sai dariyar ta maƙale mini, don ba ƙarya suka yi ba. Yau a garin nan ko kashin saniya ba ka gani.

Takardar Rukayya a hannuna ta faɗo. Na duba, na miƙa masa. Da fensir ta rubuta, layi-layi: saniya, babur, baba.

Ya daɗe yana kallonta. Na yi zaton zai tashi, ko ya yi salati, ko hawaye su zo. Ko fuskarsa ba ta motsa ba. Ya sa yatsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, b huɗu, kowanne cikinsa na kallon gaba.

"Ta gane b," in ji shi.

Ya cire murfin jan biro ya ba ta maki uku. Ya ce in ajiye mata benci a ajina, na gaba-gaba, don ba ta da tsawo. Sannan ya ɗauki takarda ta gaba.