Ram Huɗu da Zaren da Aka Yanke

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da Nasiru ya ɗauki almakashi ya yanke min zaruruwana ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuke aiki a shagon yanzu kuna jin labarin guntu-guntu. Wani ya ce korata aka yi, wani ya ce tsufa ne ya zaunar da ni. To ku ji daga bakin mai shi.

Ni ce Kande. A Bukuru aka haife ni, kuza ce ta kawo kakana garin. Ni ma na wanki kuza ina yarinya, a nan idona ya koyi raba baƙi da baƙi, don yashi da kuza duk baƙaƙe ne ga wanda bai sani ba. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, ban kuma taɓa ɓoye wannan ba. Shekara goma sha huɗu na yi a shagon Alhaji Rasaki na Titin Bauchi a Jos, inda ake haɗa manyan kwamfutocin tebur, na masu zanen gine-gine da masu tace fim da samarin nan masu wasa a kwamfuta. Da tsintsiya na fara. A shekara ta biyar Alhaji ya ɗora ni a teburin karɓar kaya, bayan da ya ga na tsamo jabu guda uku daga cikin kwali da ido kawai.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayanin ram, yadda Dung ya yi min. Dung shi ne babban mai haɗa inji a shagon, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu. Ya ce, Mama, rumbun kwamfuta daban, ram daban. A rumbu ake ajiya. Ram ita ce tabarmar da ake baje aiki a kai. In tabarmar ƙarama ce, sai an kwashe wannan kafin a baje wancan. In babba ce, a baje komai lokaci ɗaya. Ita kanta abar ba ta fi tsawon tafin hannu ba, siririya, da haƙora masu ruwan zinare a gefe ɗaya. Manyan da muke sayarwa sukan zo huɗu-huɗu a fakiti, kowace giga talatin da biyu. Can inda ake ƙera su an gwada huɗun nan tare, an ga sun jitu, sannan aka rufe su. Ka ɗauko biyu nan biyu can, ko da suna ɗaya, rubutu ɗaya, inji zai iya tashi lafiya lau. Sai an ɗora masa aiki mai nauyi ya nuna hali.

Ƙa'idarmu ita ce duk kayan da suka zo daga Legas sai an buɗe an gwada, saboda jabu. Fakitin roba ne, in an buɗe ya tsage, ba ya komawa. To a nan aikina yake. Dung zai gwada huɗu ya miƙo min, in sa kowace a ledarta mai ruwan toka, in haɗa ledoji huɗun in ɗaure da zare. Wannan ja, wancan kore, wancan ɗorawa. Wajen tela maƙwabcinmu nake karɓo zaren. Ba wanda ya koya min. Shekara tara ina yi, ba a taɓa dawo mana da inji saboda ram ba.

Sai Alhaji ya buɗe wani shagon a Abuja, ya ɗauko wa namu manaja. Nasiru. Ɗan unguwarmu ne, ni na riƙe wa uwarsa kai ranar da ta haife shi. A gida Gwaggo yake ce min. A shago, tun ranar farko ya ja ni gefe ya ce in riƙa kiransa Manaja. Na ce to, ai suna ba ya da nauyi a baki.

Ranar Litinin ɗin, da damina ne, na shigo na tarar da shi tsaye a teburina da almakashi. Ɗauri huɗu ne a lokacin, ram goma sha shida. Ya riga ya yanke uku.

Na ce, "Manaja, me zaren ya yi maka?"

Ya ce, "Nan shagon kwamfuta ne, Gwaggo, ba rumfar daddawa ba. Kwastoma ya shigo ya ga an ɗaure kayan miliyoyi da zaren tela, me zai ɗauke mu?"

"Zai ɗauke mu masu sanin abin da suke yi."

"Duk iri ɗaya ne. Ga shi nan a rubuce a jiki." Ya ɗago ɗaya ya kawo ta dab da fuskata. "Ko za ki karanta min?"

Masu aiki biyu suka yi dariya. Dung bai yi ba, amma bai ɗago kai ba.

Ya yanke na huɗun, ya zare su duka daga leda, ya jera su a kabad ɗin gilashi don masu wucewa su gani. Bai tsaya nan ba. Ya sa an buga sitika mai sunan shago, irin wadda in an ɓamɓare take ragargajewa ta tafi da abin da ke ƙarƙashinta, ya liƙa wa kowace a kan 'yar takardar kamfani, daidai inda lambobin suke. Ya ce alamar garanti ce.

Ranar Laraba Madam Bose ta zo. Mai zanen gine-gine ce a Rayfield, tsohuwar kwastomarmu. Tana da zanen wani babban asibiti da za ta miƙa ranar Juma'ar mako mai zuwa, injinta na ja da ƙyar, tana son ram huɗu manya. Nasiru ya buɗe gilashi ya kwaso huɗun da ke gaba. Da na kalle su, na ga an gauraya.

Na matsa kusa, na rage murya don kada Madam ta ji. Na ce, "Manaja, waɗannan ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Biyu na jan zare ne, biyu na kore."

Ya ce, "Su suka faɗa miki?"

Na juya wajen Dung. "Kai ka sani."

Dung ya ce, "Bari mu gani, Mama, wataƙila zai tashi."

Ya tashi kuwa. Allo ya nuna ɗari da ashirin da takwas cif. Nasiru ya kalle ni ya ɗaga gira. Direban Madam ya ɗauki inji suka tafi.

Ranar Litinin inji ya dawo. Madam da kanta ta biyo shi, ido ja. Ta ce duk lokacin da ta buɗe babban zanen, sai allo ya yi shuɗi, inji ya mutu ya sake tashi. Aikin yini biyu ya tafi. Ta kira Alhaji a waya a gabanmu, washegari da hantsi ya iso daga Abuja.

Aka tara mu a ofis. Alhaji ya tambaya me ya faru. Nasiru ya buɗe wani shafi a wayarsa ya karanta masa da Turanci, sannan ya fassara don ni. Wai wutar jikin mutum tana lalata ram, musamman mai saka suwaita. Wai akwai igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu a maƙala wa ƙarfe, kuma kowa ya san Gwaggo ba ta ɗaurawa.

Wannan gaskiya ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Ba na ɗaurawa. Ƙafar teburina ta ƙarfe ce, an haɗa ta da wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, ita nake dafawa kafin in taɓa komai, kuma Dung ne ya nuna min haka. Suwaita kuwa, wa ke zama a Jos da damina ba suwaita?

Na ce, "Alhaji, ba wuta ba ce. An gauraya su ne. Na faɗa ranar Laraba, Dung na tsaye."

Alhaji, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya dubi Dung. "Ya faɗa?"

Dung ya kalli takalminsa. Ya ce, "Oga, ina kan aiki lokacin, ban ji sosai ba."

Alhaji ya shafa fuska. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ba ta taɓa yi min wuyar ji kamar ranar ba. Ya ce, "Mama Kande, ka yi haƙuri. Yanzu aikin ya canja, sai wanda ya karanta. Ka je gida ka huta tukuna."

Na ɗauki mayafina da kwanon abincina. Ban yi kuka a gabansu ba. A motar Bukuru na yi, ina kallon taga.

Ranar Laraba bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gidana. Dung ne, da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce sun canja wa Madam wasu huɗun daga gilashi, su ma allo ya yi shuɗi. Sun sake wasu, haka. Kowane gwaji yini yake ci. Lambobin da za su duba, sitika ta rufe, sun ɓamɓare ɗaya ta tafi da rubutun. Saura kwana biyu. Nasiru ya fara cewa wataƙila hannun Dung ne.

Na ce, "Au, yanzu kunnenka ya buɗe?"

Ya ce, "Mama, yara huɗu ne a gida."

"Ni kuma a gidana duwatsu nake ciyarwa."

Na bar shi a durƙushe har na gama tankaɗen da nake yi. Na so in ce ya tashi ya tafi, Allah ya sani na so. Amma matar nan ta Rayfield ba ta yi min komai ba, kuma ba zan iya jin an ce kaya masu kyau sun lalace alhali ƙalau suke ba.

Na shimfiɗa farin zane a tsakar gida inda haske yake, na dafa ƙarfen famfo, na ce ya juye. Na jera goma sha shidan. Na jan zare, baƙinsu ba ya sheƙi, kuma gefen da haƙoran suke ya ɗan fi duhu. Na kore, akwai ɗaya mai ɗan ƙwarzane a kusurwa, ni na gan shi ranar da aka sauke kaya, kuma murfin ƙarfen da ke jikinsu ya fi matsewa, in ka sa farce ba ya shiga. Na ware huɗu, na ware huɗu. Na ce, "Waɗannan na tsaya musu, waɗannan ma. Sauran takwas sun yi kama da yawa, ba zan ce na sani ba." Ya kwashe, yana ta godiya kamar mai roƙon gafara.

Madam Bose ta miƙa zanenta ranar Juma'a. Inji bai ko yi tari ba.

Na jira. Mako ɗaya, mako biyu. A na uku Alhaji ya aiko direba da buhun shinkafa da turmin atamfa, da saƙon cewa in ina so in dawo, wajen shara a buɗe yake. Na sa direban ya mayar da kayan cikin mota, na shiga gaba na ce mu je.

Da na shiga shagon, abin da na fara gani shi ne kabad ɗin gilashi. An haɗa ram huɗu-huɗu, an ɗaure da robar ɗaurin kuɗi, wannan ja, wannan shuɗiya. A bango an manna takarda da sa hannu a ƙasa. Na tambayi wata ma'aikaciya me aka rubuta. Ta ce sabon tsari ne da Manaja ya fito da shi.

Na samu Alhaji a ofis. Na ce, "Ban zo don shinkafa ba, ban zo don aiki ba. A gaban mutum shida aka ce na lalata kaya. A tara mutum shidan nan, ka ce ban lalata ba. Shi ke nan, in tafi."

Ya ce, "Mama, ni na sani. Dung ya faɗa min."

"To faɗa musu."

"In na faɗa, yaya Manaja zai riƙe yara? Magana ya wuce. Ka bar shi."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin nan na yi wa aiki shekara goma sha huɗu, na san ranar da ya aurar da 'yarsa, ni na yi musu waina. Ya kasa haɗa ido da ni, ya ɗauki waya ya kara a kunne alhali ba ta yi ƙara ba. Da zan fita na ci karo da Nasiru a ƙofa. Ya ce, "Gwaggo, ina wuni." Na ce, "Lafiya lau, Manaja."

Bayan kamar wata biyar na haɗu da Madam Bose a kasuwa. Ta rungume ni, ta ce ta ji na yi ritaya. Ta ce manajan nan namu akwai ƙwaƙwalwa, shi ya gano matsalar injinta. Na ce mata, "Madam, ni na gano. A tsakar gidana, a kan farin zane." Ta yi dariya har da dafa kafaɗata, ta ce Mama ba ta rabo da barkwanci. Ta saya min tumatir ta wuce.

Abin da na koya a sana'ar nan ke nan, ku da kuke ciki. Inji ba ruwansa da wanda ya yi makaranta, in an yi masa daidai zai yi aiki, in an yi masa ba daidai ba zai tona. Mutanen da ke kewaye da injin su ne abin tsoro. In abu ya ɓaci, ba sa tambayar wa ya ɓata, dubawa suke su ga wa za a ɗora wa ba tare da shago ya girgiza ba. Kuskurena ɗaya ne: na rage murya ranar Laraba don in rufa wa ɗan unguwarmu asiri. In kun ga za a yi ɓarna, ku faɗa da ƙarfi, a gaban mai kayan, ko da za a ce ba ku da kunya. Ni na yi kunya, ga ni nan zaune a Bukuru.