Jinin Yayana a Kwalba Biyu

Yayana mahauci ne a Dogarawa. Shekarar da ciwon ƙaba ya matsa masa, ni na raka shi asibiti a Konni, don ni ce na yi lakwal, wato boko, a gidanmu. Kafin a yi masa aiki aka ɗebi jininsa a ƴar kwalba mai murfi shunayya. Da sakamako ya fito, ma'aikacin jinya ya janye ni gefe.

"Hajiya, plaket ɗinsa sun kusa ƙarewa. Su ne ke tsai da jini idan an ji ciwo. Ko aska kada ta taɓa shi, sai lokotoro, babbar likitarmu, ta dawo daga Tawa ta gan shi."

Na leƙa ta taga, ga shi can ƙarƙashin dogon yaro yana cin gyaɗa, ƙato, lafiya lau.

A mota na faɗa masa. Sai da muka wuce duwan, shingen kwastan, sannan ya ce, "To mi ad da ni, ƙanwata?"

Matarsa ta kwashe wuƙaƙensa ta kai gidan maƙwabta. Ranar kasuwa ta zo ta wuce yana zaune a zaure, hannuwa bisa gwiwa. Innarmu ta taso daga Bazaga a amalanke, ta zauna tana kallonsa kawai.

Da muka koma, lokotoro, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambayi sana'arsa, ta juya hannuwansa tana duban tabon wuƙa.

"Malam, in ka yanke, jinin yana daɗewa?"

"A'a, nan take shika tsayawa."

Ta sa aka sake ɗiba, hannu guda, allura guda, kwalba biyu, mai shunayya da mai shuɗin murfi. Kafin azahar ta kira mu. Kwalba ta farko ta ce plaket sun ƙare. Ta biyu ta ce suna nan cif.

Na riƙe baki. Na ce, "Jinin mutum ɗaya?"

Ta ce kowace kwalba da maganin da ke hana jini daskarewa a cikinta, kuma ba iri ɗaya ba ne. A jinin wasu mutane, na mai shunayya yana sa plaket su dunƙule, na'ura kuma ba ta ƙirga dunƙule. Ta kai ni labo, ɗakin awo, na sa ido a madubin ƙara girma, na gan su curi-curi kamar gayan fura.

Yaya ya ce, "Kenan kwalba ce ba ta da lahiya."

An yi masa aiki a satin, ya warke. Ni ce na daɗe ban dawo daidai ba. Ko da aka ce in je awon jinina bayan damina, sai da na yi ta ɗagawa.