Hajiya Folake da Tukunyar da Ta Kifar a Zauro

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Folake, mai sayar da garin kwaki da manja a kasuwar Birnin Kebbi, bayan gajeruwar jinya. Ni aka gabatar na sallace ta bayan Azahar. Na sha tsayawa a kan gawa, amma ban taɓa tsayuwa irin ta ranar ba, domin ban da baƙin ciki akwai tsoro a zuciyata, kuma tsoron ne ya sa ni wannan rubutu.

Hajiya, kin zo garin nan daga Offa ta ƙasar Yarbawa kina amarya, katanga ɗaya ta raba gidana da na marigayi mijinki. Kin koyi Hausarmu har ba a gane baƙuntarki sai ranki ya ɓaci. Ba a taɓa shan ruwan azumi a masallacin unguwa babu kwanon ƙosanki ba, kuma matan da haihuwa ta zo musu da gardama ƙofarki ake fara bugawa. Waɗannan kowa ya sani. Abin da matasa ba su sani ba shi ne abin da ya faru a Zauro.

Shekarar da gulbi ya cika ya cinye shinkafar fadama kaf, manoma suka nemi abin da za su dasa a tudu. Wani direba ya kawo damman itacen rogo daga kudu, aka yi rububinsa. Ƙanena Labbo da ke can Zauro ya cika gonarsa da shi. Rogon ya yi kyau na ban mamaki, ga shi gafiya ba ta tona shi, awaki ba sa damunsa. Mutane suka ce albarka ce. Babu wanda ya tambayi abin da dabbobin suka sani.

Mu nan, rogon da muka gada mai zaƙi ne. A ɓare shi, a dafa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji a ci. Yaro ma yakan gutsure shi ɗanye a gona. Haka matan gidan Labbo suka yi wa wannan sabon rogon ranar da ya kira gayyar yankan shinkafa a shekarar da ta biyo baya. Masu girkin sun ji ɗaci, sai suka ƙara ƙuli. Aka fara zuba wa yara da wani makiyayi mai suna Hodi da ya zo wucewa da yunwa. Su ma sun ji ɗacin, amma babu wanda ya yi magana. An rene mu a kan cewa ba a kushe abinci, kuma ladabi ne mai tushe a addini. Jikata Ummu Hani, wadda ba ta fi shekara shida ba, ta runtse ido ta haɗiye rabonta don kada a ce ba ta da tarbiyya.

Ina zaure tare da dattawa sai ga ki, Hajiya, kin zo da motar kaya kina sayen shinkafa gida-gida. Na ga kin tsaya cak a kan tulin ɓawon da aka zubar a ƙofar gida. Kika ɗauki guntu, kika taɓa shi da harshe, kika tofar. Ba sallama kika faɗa cikin gida, muka ji ƙarar tukunya ta daki ƙasa, mata suka ɗauki salati.

Matar Labbo tana cewa, “Hajiya, hauka kike? Abincin gayya kinka kihe!”

Ke kuwa kina ihu, “Wa yac ci? Ku gaya min wa yac ci! Ina ɗiyan? Malam, taso, ba lokacin zama ba ne, guba kunka dahwa!”

Wallahi har yau ban manta muryar nan ba. Ba a jima ba Ummu Hani ta ce ƙasa tana juya mata. Sai amai, sai haki kamar wadda ta yi tsere, idanu suka kakkafe. Wasu yaran suka biyo baya. Nan take gida ya rabu: masu cewa iskokin fadama ne a kawo hayaƙi, da masu kallon ki a kaikaice suna cewa ta yaya baƙuwa ta sani tun kafin yaran su faɗi. Na ji wannan magana da kunnena, kuma na san inda irinta take kai mutum. Kin ji ta ke ma, amma ko waiwaye ba ki yi ba. Kika sa aka sauke buhunan da kika riga kika loda, aka shimfiɗa yaran a bayan motar, kika rungume Ummu Hani a cinyarki har asibitin Birnin Kebbi. Duk hanya ina karanta abin da ya sauƙaƙa, ina kallon ƙirjinta ko zai sake ɗagawa, ke kuma kina marin kumatunta kina cewa, “Ɗiyata, kak ki yi barci, uwarki na jiran ki.”

Allah Ya tashi kafaɗun yaran duka. Hodi kuwa ya riga ya kora shanunsa kafin ki iso. A gindin wata giginya aka tsince shi da la'asar. Allah Ya ji ƙansa.

Bayan haka kin bar rumfarki kina zuwa Zauro da Augie kina koya wa mata: a ɓare, a gurza, a ɗura a buhu a danne da dutse har ruwan ya tsiyaye ya yi tsami, sannan a soya a busar. Kin taɓa faɗa mini abin da kika ji daga manyanku, cewa rogo ba ɗan ƙasar nan ba ne. Jiragen ruwa suka kawo shi daga wata nahiya, inda mutanen can suka daɗe da sanin yadda ake raba shi da dafinsa. Itacen ya yi saurin tafiya, sanin ya biyo shi a hankali, kuma duk inda itacen ya riga isa sai an yi makoki. Na daɗe ina juya wannan. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ajiye abinci da ajali a saiwa ɗaya, Ya kuma sanar da ɗan Adam hanyar raba su.

To, ga abin da ke hana ni sukuni. Bana ma gulbi ya ci fadama. Makon da kika kwanta na je Argungu, na ga damman itacen rogo jibge a bakin kasuwa, samari suna lodawa a babura. Na tambayi ɗaya wane iri ne, ya ce, “Baba, rogo ai rogo ne. An ce wanga ko gafiya ba ta taɓa shi.” Matan da kika koya wa, da yawa sun riga ki tafiya, amaren yanzu kuwa ba su ga abin da muka gani ba.

Da na faɗa miki a gadon jinya, sai kika ce, “Malam, ni ƙahwata ta ƙare. Ku ka da mumbari.”

Don haka ina roƙon limamai da malaman makarantu daga Birnin Kebbi har Argungu da ƙauyukanta, su faɗa da babbar murya: rogon da aka ji ɗaci a cikinsa, kada a rufe ɗacin da ƙuli, kada a ba yaro, kada a ba dabba ɓawonsa. Ku gaya wa 'ya'yanku su tofar, su kuma yi magana. Wannan ba kushe abinci ba ne, kuma ba butulci ba ne ga Mai bayarwa. Kare rai wajibi ne, kuma wajibi yana gaba da ladabi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta Sunusi da Nazifa, da danginta na Offa, da abokan zamanta na kasuwa. Allah Ya ba ku haƙurin rashin. Ya Allah, baiwarKa Folake ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka tsare ta daga firgicin ranar tsayuwa kamar yadda ta tsaya wa 'ya'yanmu ranar da muka firgita. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ikon isar da saƙonta kafin a tone rogon bana. Amin.