Malam Kassim, Mai Zanen Waɗanda Ba Sa Zama

Da hantsi Malam Kassim ke jawo kujera bakin taga a ɗakinsa na unguwar Parkchester, can ƙasar waje, ya hau niƙa launi kamar mai niƙa yaji. Tsohon maigadi ne a wani gidan adana zane-zane, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsaye gaban fuskokin attajiran dā. Can ya gano abin da ya hana shi sakat. Mai hali, shuɗin dutse mai tsada ake niƙa wa rigarsa, a kwaɓa da mai, a shafa hawa-hawa, yana hakimce wata da watanni. Talaka kuwa, in ya ci sa'a, gawayi ne a takarda. Zaman ma, in ji Kassim, kayan masu kuɗi ne.

Sai ya rantse namu zai zana da kayan manya. To, wa zai zauna? Mutanenmu sun riƙe "na zaune bai ga gari ba" hannu bibbiyu.

Ga idonsa yana dushewa, likita ya ce hasken ba zai kai baɗi ba, ga zanen Muniratu bai kammala ba. Mai kula da tsofaffi ce gida-gida, tana son ta bar wa 'yarta abin tunawa.

"Hajiya, ki zauna mana, ko fuskar in gama."

"Baba Kassim, agency ɗin da ke ba ni aiki ke kira. Tsohuwar da nake kula da ita ta faɗi a bathroom. Next week, in sha Allah."

Kwasi maƙwabcinsa ya gan shi ranar ya yi jifa da buroshi, yana safa da marwa. Washegari Malam Kassim ya kankare kujerar daga zanen. Ya zana ta a tsaye, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya ta nufi ƙofa, shuɗin nan kakaf ya ƙarar a rigar aikinta.

Da ta gani, sai ta ce, "Haka nake, Baba?"

"Haka na san ki."

Ta sulale ta zauna tana kuka, waya na ta ƙara. Har magariba tana zaune, amma idon dama ya riga ya tafi, fuskarta hazo-hazo yake gani.

Kai ne mai fito da martabar na tsaye, Malam Kassim. Mun gode, kuma wallahi kunyarka muke ji. Masu sana'a, ku yi wa naku aiki da mafi kyawun abin da ke hannunku. Sauranmu kuwa, akwai ɗan haske a idon hagu. A kashe waya, a je a zauna.