Sarakunan Dda Lahsen a Gwangwanin Shayi

A layin maƙeran azurfa na garin Tiznit babu wanda bai san Dda Lahsen da gwangwaninsa ba. Shagona na takalma jingine yake da nasa, don haka na sha tarihi har ya ishe ni. Mata kan kawo masa tsofaffin sarƙoƙi a narkar a yi musu awarwaro, shi kuwa sai ya bi tarkacen da ɗan yatsa. In ya ci karo da tsohon dirhami, kuɗin azurfa na da, ya jefa shi a gwangwanin shayin nan nasa, ya cike gurbin da azurfarsa. Na zamanin daular Murabiɗai, na daular Muwahhidai masu kusurwa huɗu, kowanne ya san sarkin da ya buga shi da wanda ya tumɓuke sarkin.

Da yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa Mbarek ya karɓi wutar maƙera. Mbarek ba mugu ba ne, amma a wurinsa azurfa azurfa ce.

"Baba, waɗannan matattun sarakunan naka za su ba da awarwaro mai kyau," ya ce wata rana yana dariya.

Tsoho bai yi dariya ba. Daga ranar hankalinsa ya tashi. Ko alwala zai je, gwangwanin na hammatarsa. Ya ji zugazugi na huci sai ya zabura yana lalube. Da aka sa masa ranar aikin ido a Agadir, abinci ma ya daina shiga. Wallahi ya ba ni tausayi.

"Hmad," ya ce mini, "in ban tashi daga gadon nan ba, kafin sadakar uku sun zama ruwa."

"Haba Dda, bar su a wurina mana."

"Kai? Da za ka sayar da takalmin ƙafarka in an taya?"

Ana gobe tafiya ya kira 'yarsa Ijja. Ya ce ya yi tunani, kusan duk dirhamin da ya iso hannunsa da huda ya iso. Sabon sarki yakan narke kuɗin tsoho, abin da ya tsira shi ne wanda ke rataye a wuyan mata. Don haka zai huda nasa, Ijja ta sa a wuya, ya ga mai ƙarfin halin da zai taɓa.

Ya hana kowa riƙe masa basilla. Muna tsaye muna kallo, yana shafawa yana hudawa. Na ƙarshe ɗan siriri ne, na wani sarki da bai daɗe a kan mulki ba, wanda Dda bai taɓa ganin irinsa a hannun kowa ba. Basilla ta goce, guduma ta sauka.

Ya shafa, ya sake shafawa. Hudar ta cinye sunan sarkin.

Ya sunkuyar da kai, sannan ya lalubo hannun Ijja ya faɗa mata sunan.

"Maimaita."

Ta maimaita.

"Sake, 'yar nan. Yanzu ba ya ko'ina sai a bakinki."