Mun Je Ɗauko Baba daga Gonar Sanyi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Utaibiyya a Makka, ni da maigidana da yayana, a tsohuwar motar Yaya wadda ba ta hawa tudu sai an lallashe ta. Masu tambayata ina na shiga har masar da nake soyawa ta yi wuya a unguwa, ga amsarku: arewa muka je, can bayan Tabuka, mu ɗauko Baba. Ya daɗe yana aiki a wata gona a can, ba ya saukowa Makka sai da azumi. Bana kuwa duk wanda ya kira shi sai ya ji tari ya fi maganar yawa. Umma ta ce ba za ta zauna tana sauraron mijinta yana ƙarewa ta waya ba, ko a kawo mata shi ko a kai ta.

Da fanka muka kwana a gida, don haka muka yi ta dariyar bargunan da Umma ta cusa mana a bayan mota. Hanyar Madina lafiya lau, in ban da shingen bincike inda aka duba iƙamarmu, wato takardar zama, aka ce mu wuce. Daga Khaibar ne ƙasa ta fara sauyawa, baƙaƙen duwatsu dama da hagu kamar wurin da gobara ta cinye. A wani gidan mai muka ci ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da burodinsu. Shayinsu ya ninka na Makka tsada, amma da iska ta buge ni ban yi ciniki ba, har ƙari na nema. A Taima muka kwana, kuma a nan maigidana, wanda ya fi kowa dariya da safe, ya naɗe kansa da barguna biyu.

Washegari da muka wuce Tabuka muka saki kwalta, sai na fara ganin abin da har yau yake dawo mini. Gonakin can ba irin waɗanda muka sani ba ne. Kowace da'ira ce, ƙatuwa, kamar an kife faifai a kan yashi an zana. A tsakiyar kowace akwai doguwar na'urar ban-ruwa mai tayoyi, wadda take zagayawa tana yayyafi. Na farko-farko kore ne shar. Da muka ƙara nisa sai koren ya ƙare. Da'ira bayan da'ira, duk toka-toka, na'urorin a tsaye sun yi tsatsa, tayoyinsu sun nutse cikin yashi, kamar haƙarƙarin wasu manyan dabbobi da suka mutu a jere. Babu tsuntsu, babu akuya, babu ko kare. Yaya ya kashe rediyo ba wanda ya ce masa ya kashe.

Mun ɓata hanya, sai muka tsaya a wasu ɗakunan ma'aikata don mu yi tambaya. Maigidana ya yi sallama har muryarsa ta dushe. Ƙofofin a buɗe suke. Na leƙa ɗaya: buta a kan murhu, takalmi ƙafa ɗaya, darduma a shimfiɗe tana kallon alƙibla, yashi ya rufe rabinta. Muna tsaye sai ɗaya daga cikin na'urorin nan ta yi wani dogon ƙara, ƙiiii, kamar za ta motsa. Iska ce, na sani. Amma ni na riga kowa shiga mota.

Da la'asar muka hango rumfunan leda farare da hayaƙi yana tashi. Baba ya fito cikin wata jibgegiyar riga mai gashin tumaki a ciki, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka da ya gan ni ya ce, "Uwata, har da ke? To lallai an haɗo mini runduna." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya dafa ƙofar mota har ya lafa.

Bai bari mun huta ba sai da ya zagaya da mu. A da, in ji shi, gonar nan alkama ce da ciyawar dabbobi iyakar ganinka, ma'aikata kamar kasuwa. Ruwan da suke ja daga ƙarƙashin ƙasa tsohon ruwa ne, ba ruwan sama ke ƙara shi ba, abin da aka zuƙe ya tafi ke nan. Kowace shekara sai an ƙara zurfin rijiya, har aka daina alkamar, maƙwabta suka kwashe. Mai gonarsu ya rufe rijiyoyinsa ya bar guda, ya kawo wani injiniya ɗan Sudan ya koya musu sabon aiki. Yanzu kokwamba da tumatir suke yi a cikin rumfar leda, da siraran tiyo masu ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. A waje sun dasa zaitun, don yana jure sanyi kuma ba ya shan ruwa da yawa. Suna rufe gindinsa da kara da takin tumaki. Daga Baba sai wani ɗan Bangaladash mai shiru-shiru suka rage.

A gefen gonar ya nuna mana wata rijiyar burtsatse da ta ƙafe, bakin bututunta a buɗe. Ya ce in miƙa hannu. Iska ce take fitowa daga ciki, mai ɗumi, da wani gurnani can ƙasa-ƙasa kamar mutum yana barci da mura. Na janye hannuna da sauri.

"Numfashi take yi," in ji Baba. "Wata rana ta fitar, wata rana ta ja. Injiniya ya ce iska ce ta cike gurbin ruwan da muka shanye. Na yarda da shi. Amma ba na son jin ta in ni kaɗai ne."

Da muka zauna cin abinci Yaya ya kawo maganar tafiya. Baba ya ce sam. Zaitun ɗin ƙanana ne, wannan ne sanyin da zai nuna ko za su rayu, kuma mutum ɗaya ba zai iya tsare su ba. "Da hannuna na kashe ƙasar nan da alkama," ya ce, "ku bar ni in ga abu ɗaya ya tsaya kafin in tafi." Ban san wace tafiyar yake nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Da asuba na gane abin da yake nufi da tsaro. Ruwan alwala ya daskare a buta. Raɓa ta zama ƙanƙara a kan leda, kana taɓawa tana ƙaras-ƙaras. Muna sallamewa Baba ya raba mu, kowa da layinsa, mu kunna tarin kara mai danshi a tsakanin itatuwan don hayaƙi ya lulluɓe su kafin rana ta fito. Sai wani farin hazo mai jiƙa fuska ya sauko ya haɗu da hayaƙin. Ina ganin hannuna, ba na ganin ƙafata. Ina jin tarin Baba daga hagu, ina bin sa da kunne. Can sai na daina ji.

Na kira shi, shiru. Na kira Yaya, ya amsa daga wani wuri da ban zata ba, kamar daga bayana kuma kamar daga sama. Muka yi ta kira muna karo da itatuwa. Abu ɗaya ne kawai ake ji sosai a cikin farin nan, gurnanin rijiyar. Ban san dalili ba, na bi shi. A can na sami Baba, a zaune ya jingina da bututun, leɓɓansa sun yi shuɗi. Numfashi ne ya sarƙe shi, ya rarrafo wurin don iskar da ke fita ta fi ta waje ɗumi. Na rungume shi ina ihu har mazan suka iso suka ɗauke shi.

Da rana ta ɗaga, ya sha shayi ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne layin ƙarshe, an kunna? Shi Yaya aikinsa na Mina ne, daga Hajji sai Hajji, sauran watanni zaman jira. Ya ce, "Baba, nuna mini yadda ake yi. Ni zan zauna har sanyi ya wuce. Kai ka bi su." Baba ya ce wanda bai taɓa riƙe fartanya ba? Yaya ya ce ai shi ma ba da ita aka haife shi ba. Aka kira mai gonar, ya amince, ya ce shi zai ji da maganar takardu. Yinin nan duka Baba yana zaune cikin rigarsa yana ba da umarni, Yaya yana bin tiyo yana cire gishirin da ya toshe ramukan.

A dawowa maigidana ne ya ja motar. Muka tsaya asibiti a Tabuka, aka ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, aka ba shi magani aka ce ya nisanci hayaƙi. Da muka bi ta cikin matattun da'irorin nan Baba yana ta faɗin waɗanda ya sani a kowace, wane ya koma Sudan, wane ya rasu. Muna gangarowa kudu muna tuɓe kaya, kafin mu shiga Makka har an kunna sanyin mota. Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To, sannu da zuwa, manomi," sannan ta juya don kada mu ga idonta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne ruwa ma yana ƙarewa, kuma in ya ƙare ba ya sallama. Na kuma ga cewa gyaran ƙasar da aka gajiyar ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko da ya so ya mutu a kai. Tumatirin da nake saya ina ƙorafin tsada, yanzu na san akwai wanda ya tashi cikin ƙanƙara saboda shi.

Tarin Baba ya ragu sosai. Shekaranjiya Yaya ya kira, ya ce an yi sanyin da ya fi na ranar nan, itace biyu sun ƙone amma sauran suna nan, har wasu sun fitar da sabon ganye. Na zata Baba zai yi hamdala ya yi shiru. Sai ya fizge wayar daga hannuna ya ce, "Waɗanne biyun?"