Wuyan Rigar Alhaji Mijinyawa

Duk wanda ya saba shiga ɗakunan matan unguwar Sabo ya ga aikin Goggo Zulaihat, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai haɗa firam ɗin hoto a gida, a lungun bayan masallacinmu. Yayar babana ce, a hannunta na tashi, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

A nan Ibadan aka haife ta. Fataucin goro ne ya kawo mahaifinta, Alhaji Mijinyawa, ya zauna har ƙasar nan ta rufe shi. Mijinta Malam Manniru kafinta ne. Da ya rasu, abin da ya bar mata ƙaramin zarto ne da guduma da buhun guntayen katako a ƙarƙashin gado. 'Yan'uwa suka ce ta sayar, ta ƙi. Tana fita takaba ta yanka katako ta haɗa, ta sa hotonsa a ciki. Ta duba ta ga katakon tsirara bai yi mata ba, sai ta yanko hannun rigarsa ta naɗe shi. Maƙwabta suka gani, kowa ya ce yana so.

Ƙa'idarta guda ce: ba ta ƙawata firam da ƙyallen da ba na mai hoton ba. Amarya ta kawo hoton biki, sai ta ce, "Ina guntun ankon?" In jariri ne, zanin goyonsa. In mamaci ne, rigar da aka fi saninsa da ita. Takan goge katakon da samfefa, ta shafa gam, ta riƙa bin ƙyallen da babban yatsa har ya kwanta, kusurwa kuma ta ninke ta ɗinke da allura. Wata Bayarbiya ta taɓa kawo mata leshi sabo fil, wai a naɗe hoton uwarta. Goggo ta shinshina ta miƙa mata, ta ce da Yarbanci, "Wannan ƙamshin kanti yake yi. Je ki kawo wanda ta sa."

A duk aikinta, wanda ta fi ji da shi shi ne na kakanmu. Hoto ɗaya tak Alhaji Mijinyawa ya ɗauka a rayuwarsa, yana zaune kusa da huhun goro, sanye da babbar riga shuɗiya. Da aka raba kayansa bayan rasuwa, rigar nan ta faɗo a rabon Goggo. Ɓera ya ci gindinta, asu ya ci baya, wuyan kaɗai ya tsira da aikin hannunsa na farin zare. Shi ta yanka ta naɗe firam ɗin. Kana kallon rigar a cikin hoto, hannunka yana kan ita kanta. Ban ga kakana ba, amma na san laushin rigarsa tun ban kai tsawon tebur ba. Takalminsa, rawaninsa, carbinsa, duk sun bi hannun mutane. Wannan kaɗai ya rage.

Bara ƙaninta, Baffa Suhaibu, mai sayar da albasa a kasuwar Bodija, ya gama gininsa a wajen Ojoo. Ya zo gaishe ta, ya ɗaga kai ya kalli bango.

"Yaya, wai har yanzu Baba yana cikin wannan tsumman?"

"Tsumman da aka goya ka da kuɗin mai shi? Zauna ka ci tuwo."

Ya yi dariya, ya ce yana so a faɗaɗa masa hoton don falonsa. Goggo ba ta hana ba, ubansa ne shi ma. Ta sauke, ta naɗe a ɗankwalinta, ta ce, "A ɗauki kwafi, a dawo mini da shi yadda yake. Ka ji ni, Suhaibu? Yadda yake." Ya ce, "Haba Yaya, sai ka ce yaro."

Da ya dawo, hoton ne kawai a hannunsa, a cikin farar leda. A bayan mota kuma ga wani ƙaton firam mai ruwan zinare, irin wanda ake jerawa a bakin titi, wai ya yi mata tsaraba.

"Ina nawa?" in ji Goggo.

"Wanne? Na bar shi can wurin mai hoton. Ga wanda ya fi shi."

Ni ce na kasa shiru. Na ce, "Baffa, rigar Kaka ce fa."

"Ke Kausar, rufe mini baki. Riga ce za ta cece shi? Addu'a yake bukata."

Har yau maganar nan tana ƙona mini rai. Wa ya ce riga tana ceto? Mu da muke masa addu'a kullum, sai wanda ya yar da kayansa ne zai koya mana addini?

Goggo ta miƙe. Ta ɗauki mayafi, na bi ta, muka hau Keke Napep zuwa Mokola, inda shagon mai hoton yake. Mai hoton dattijo ne, ya tarbe mu da mutunci. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya dafe kai. Ya ce wallahi har roƙon Baffa ya yi ya tafi da firam ɗin, don ya ga aikin hannu ne, amma Baffa ya ce, "Jefa a bola." Katakon ya tafi da shara. Ƙyallen kuwa ya ɓamɓare, don ya ga auduga ce mai laushi.

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko. Da shi yake goge gilashi. Ya yi baƙi, yana warin kananzir, rabin aikin zaren ya zube.

Ya miƙa wa Goggo. Ta karɓa da hannu biyu, ta gode wa mutumin, har ta ce Allah ya saka da alheri da bai ƙona ba. Ni kuwa ban iya gode wa kowa ba.

A gida ta wanke shi a hankali da ruwan ɗumi, ta shanya a inuwa. Abin da ya yi rai bai wuce tafin hannu ba. Ta haɗa sabon firam, ta yanka ƙyallen siriri, ya ishi gefen sama kawai. Na kawo mata shuɗiyar shadda mai kama da shi don a cike sauran, ta ture. "Baba bai sa wannan ba."

Ƙaton firam ɗin zinaren ta mayar wa Baffa. Bai ba da haƙuri ba har yau. Na ji da kunnena yana gaya wa baƙi a falonsa cewa shi ya fitar da hoton mahaifinsu daga cikin ƙazanta.

Hoton Kaka yana nan a bangonmu, gefen sama da ƙyalle, sauran gefen katako tsirara. Masu kawo aiki sukan tambaya, "Goggo, wannan ba a gama ba ne?" Takan ci gaba da shafa gam, ba ta ko ɗaga kai, ta ce, "Ku tambayi Suhaibu."

Ni ba na tura kowa Ojoo. Ina zaunar da su in gaya musu.